Sunan Alhaji da Gawon Inna Tamo

Aikin da na gama ranar Talata layi uku ne. Na share ɗaya, na rubuta uku, kuma kwana huɗu na yi a kansu. Da na haska muku shi a bango na ga yadda kunka dubi juna, har wani daga can baya ya ce ashe wanga ne aikin da ake kiran mutum injiniya dominsa. To madalla. Tunda wuta ta ɗauke, ba mai taɓa ordinata, wato kwamfuta, sai ta dawo, ku gyara zama in gaya muku abin da layi ɗaya ya taɓa jawo mini a Tudun Baushe.

Ku fara sanin aikin tukuna. Akwatunan nan da muke ɗaurawa bisa dogayen ƙarafa a ƙauyukan Kurfai suna raba wa mutane rezo, wato abin da ke sa waya ta kama, kowane da tsarin da ke tafiyar da shi a ciki, ni kuwa ɓangaren da ke karɓar saƙo ya miƙa gaba nake gyara. Abin da mutum ya rubuta da hannunsa akwati ba ya gane shi, sai kompilata ya juya mishi zuwa harshen inji. Kompilata kuwa tsoho ne mai mita. Yana aiki yana gunaguni, nan bai yarda ba, can yana shakka. Gunagunin nan shi muke kira gargaɗi, kuma ba ya hana aiki tafiya, shi ya sa kuke raina shi. Wanda ya fi zuwa hannuna na juye ne, wato a kwashe bayani daga wani wuri na memwar a zuba a wani. Memwar gurabe ne a jere kamar na dara, kowane abu da yawan guraben da anka ware mishi, maƙwabcinsa na manne da shi ba ko darni a tsakani. Tsohon umarnin juye kuma ba shi da ido. In ka ce mishi zuba arba'in, arba'in zai zuba ko da wurin na talatin da biyu ne, sauran takwas su hau kan kayan maƙwabci. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai wata rana a kira ka a ce akwati ya haukace.

Ranar da na fara koyo wurin Madam Ramatu a Yamai ko ordinata ba ta bari na taɓa ba. Na zo da takardar gama lakwal, wato makarantar boko, ina ji da kaina, sai ta miƙo mini littafi irin na 'yan firamare mai ƙananan gidaje, da fensir, da kod, wato layukan umarnin da ake rubuta wa akwati, wanda ta buga a takarda. Ta ce in zana memwar, gida ɗaya harafi ɗaya, in bi kowane juye da hannu in ga inda zai tsaya. Gujiyar da na saya don kalaci ita ta zama haruffan. Duk ƙwayar da ta tsallake iyaka sai ta sa hannu ta ɗauke ta jefa baki. Watan farko da yunwa nake komawa gida, ita kuwa har kumatu ta yi. Tambaya uku ta koya mini kuma har yau ban samu ta huɗu ba. Wurin da za a zuba, nawa yake ɗauka? Tsawon abin da za a zuba, wa ya faɗe shi? In ya yi yawa, mi za a yi da shi? Ta biyun ita ce mai cizo, don in tsawon daga waje ya zo, daga saƙon wanda ba ka sani ba, to kada ka yarda da shi ko ya rantse, kai za ka auna da kanka.

Wani lokaci kompilata ne bai fahimta ba. Kana so da gangan ka cika gida biyu maƙwabta da juye ɗaya, shi kuma ya ɗauka ɓarna ce. Ko a nan Madam ba ta yarda a yi mishi tsawa ba. Sai ka haɗa gidajen biyu ƙarƙashin suna ɗaya yadda zai gane nufinka, ya yi shiru don kansa. Irin wanga ne na ranar Talata. Kwana uku na karatu ne, ina bin duk wanda ke kiran layin da wanda ke kiran mai kiran, rana ɗaya kuma na gwaji a kan tsohon akwatin nan da kuke ɗora kofin shayi bisansa. Kayan aikina ke nan duka: shi, da igiyar da ke shiga bayansa, da littafi mai gidaje, da tabarau.

Da na dawo gida Filinge, wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta ɗauke ni. Mutanenta ba su san gargaɗi ba kuma ba su nemi sani ba. Abin da suke so, mutum ya ji yadda kasuwar Baleyara ta ci kafin ya koro ragunansa ya sha wahalar banza, ya kira likitan dabbobi in saniya ta kwanta, tsohuwa ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani. Uwata har ta rasu gyaran rediyo take ce wa mutane ina yi, na gaji da gyara mata na bar ta.

Kod ɗin da na gada a wurinsu, wanda ya rubuta shi dai Allah ya yafe mishi. Ranar da na fara ba kompilata shi, gargaɗi ya yi ta zuba kamar buhun gero ya fashe. Mako uku ina bi ɗaya-ɗaya. Ana nan shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya leƙo ya ce baƙin da sunka ba da kayan za su zo jibi, kuma ba ya son su iske allo cike da jan rubutu. Saura goma sha wani abu a lokacin. To akwai layi guda wanda in ka rubuta shi a sama, kompilata zai yi tsit kamar an cika mishi baki da goro. Madam Ramatu ta taɓa ce mini ranar da na rubuta layin nan, kada in ƙara faɗin ita ta koya mini aiki. Na rubuta shi. Kafin nan na ɗan leƙa waɗanda sunka rage, na ga ɗaya a kan sunan rezo yake, sunan nan da ke fitowa a salula, wato wayar hannu, in kana neman inda za ka kama. Wurinsa harafi talatin da biyu ne. Na ce a raina haba, garuruwanmu su Damana da Bonkuku, wane ne zai kai talatin da biyu? Baƙi sunka zo sunka ga allo fes sunka yaba. Na ce in sun tafi zan cire layin, sunka tafi, shekara biyu ta wuce yana nan.

Ƙarfen Tudun Baushe da farkon damina munka kafa shi, a gefen gonar Alhaji Mainasara, wani ɗan kasuwar hatsi da ya ba da filin kyauta. Taki ashirin daga wurin akwai gawo wanda mutum uku ba su rungume shi. Gawon na Inna Tamo ne. Tsohuwa ce 'yar bori, wurin gwaggonta ta gaji kula da shi, kuma ƙarƙashin babban reshen da ya miƙe gabas take zama tun hantsi. Nan masu neman magani ke iske ta, nan ake zuba wa iskokin gidansu nono in shekara ta juyo. Masu salla da masu bori na garin duk dangin juna ne, kowa ya san iyakarsa. Da munka zo da ƙarfe ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in dai ba ya cin ganye ba ruwanta da shi.

Damina duka rezo ya yi aiki har ana kama shi daga bakin rijiya da cikin gonaki. Da kaka ta yi, komite, wato dattawan garin da ke kula da ƙarfen, ya ce sai a yi abin da anka gada. A ƙasarmu wanda ya ba da fili anka gina rijiya, sunansa rijiyar ke ɗauka, don haka rezo ma ya ɗauki sunan mai fili. Kuma kun sani ba a gutsure sunan dattijo, musamman a gaban jama'a. Anka yanka rago, anka ci anka sha, anka kira ni tsakiyar taro. Da hannuna, yatsuna duk maiƙo, na share Tudun Baushe na rubuta Alhaji Mainasara ɗan Sarkin Noma Goje. Goje marigayi shi ne mahaifinsa. A salula abin da ya fito shi ne Alhaji Mainasara ɗan Sarkin Noma, ya tsaya nan cif kamar cikakke. Alhaji ba ya karatun boko, masu karanta mishi kuwa da ka suke ƙara Goje, tunda kowa ya san sunan.

Kafin in kai Filinge an kira ni. Rezo ya tsuke, sai wanda ya manne da ƙarfen ke samu. Cikin mako guda sirri ya ƙare a garin. Duk mai magana sai ya zo gindin ƙarfe ya bi layi, na bayansa na saurare suna sa baki. Wani ya yi cinikin bijimi a asirce, kafin ya isa gida ƙannensa uku na jiransa a ƙofa. Wani tsoho ya ɗaure salularsa a bakin gora yana ɗagawa sama yana ihu daga ƙasa.

Na je na canja bateri. Na koma na canja igiya. Na hau na wanke eriya, na fasa gidan zanzaro, na sauko. Karo na huɗu na kawo sabon akwati gaba ɗaya. Ina kunna shi da sunan da ya zo da shi, rezo ya bazu har rijiya, mata sunka yi guɗa. Sai na zauna na rubuta sunan Alhaji, na karɓi godiya da ƙwan zabi, na hau moto, wato babur ɗina. Ban fita gari ba rezo ya koma gidan jiya. Ko jaki da ya ga haka zai tsaya ya yi tunani, amma ni injiniya ban tsaya ba. Na juyo anka kewaye ni, Alhaji na tambayata mi ke faruwa, ni kuma ba na so a ce ban sani ba. Na ɗaga kai sai na ga gawo ya yi ganye shar. Kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, sai ruwa ya ɗauke sannan ya tofo. Na ce, a hankali fa na faɗa, watakila ganyen nan ne ke tare rezo.

Wallahi ko malami bai taɓa samun masu gaskata shi da sauri haka ba. Kowa ya lissafa da kansa: da damina itacen tsirara yake rezo na tafiya, ya yi ganye rezo ya tsaya, mi ya rage? Komite ya zauna sau biyu, anka yi ta ja, daga ƙarshe anka ce a sare gawon washegarin kasuwar Baleyara. Ba ɗan garin da ya yarda ya ɗaga mishi gatari, har masu sahun gaba a masallaci, sai daga wani ƙauye anka yi maganar masu sara.

Saura kwana uku, Inna Tamo ta zo biro, wato ofishinmu, nan Filinge bisa amalanken jaki. Ta ƙi kujera ta zauna ƙasa. Ta ce an gaya mata ni na ce itacenta na cin maganar mutane, shi ne ta zo ta ji ko na gani da idona. Na juye mata bayani rabi da Faransanci, don in tana fahimta za ta gane ban san komi ba. Ta bari na gama, ta ce ita dai shekarunta duka a gindin itacen nan, kiran salla na ratsa shi ya iso mata, kukan jaki ma haka, ba ta taɓa jin ya riƙe ko ɗaya ba. Na ce wanga daban ne, Inna. Ta ce to, kai ka yi karatu. Ta tashi ta tafi, ni kuma na ji sauƙi da ta tafi, kunyar faɗin haka nake yi har yau.

Ran da za a sare, da safe ina biro ina shirya akwatin wani ƙauye. Tsohuwar ordinatata zafi ya kashe ta a makon, na aro wata mai sabon kompilata, shi kuwa sabon bai san da yarjejeniyar goron da munka yi da tsohon ba. Ina ba shi kod ɗin ya buɗe baki. Gargaɗi na uku ya ce juyen sunan rezo na iya wuce gida talatin da biyu ya taka na kusa da shi. Na duba in ga wane ne na kusa da shi. Ƙarfin eriya ne, wato lambar da ke gaya wa akwati iya nisan da zai jefa rezo. Na ɗauko littafi mai gidaje na rubuta sunan Alhaji harafi-harafi, har da tazarar da ke tsakani. Talatin da bakwai. Noma ya cika gida na ƙarshe daidai, Goje kuwa ya tsallaka ya zauna daram a kan ƙarfin eriya ya murƙushe shi.

Ban ko rufe biro ba. Na kira shugaban komite, salularsa ba ta shiga, ai ba rezo, aikina ne. Na hau moto na kama hanya, rairayi ya kayar da ni sau biyu, ƙaya ta huda tayar baya, sauran tafiyar da tura na yi ta. Tun daga bakin gari nake jin sara. Da na iso babban reshen gabas na ƙasa, masu gatari biyu na shan ruwa kafin su kama gindi, gari duka na tsaye nesa-nesa. Inna Tamo na zaune gefe ta juya wa itacen baya.

Na ce su dakata don Allah, su ba ni abin da bai kai shan shayi ba. Na jona igiya a gindin ƙarfe, na share sunan Alhaji na mayar da Tudun Baushe. Ba a yi minti ba salula ta fara kuka a aljihun mutane, ta nan ta can har cikin gidaje, saƙon wata biyu na shigowa lokaci guda, ga gawo tsaye da ganyensa.

Sai kuma bayani, wanda ya fi turin moto wuya. Na tsaya gaban jama'a na ce itace ba shi da laifi, laifina ne, sunan ne ya fi wurinsa tsawo, Goje ya zubo ya danne ƙarfin rezo. Alhaji ya daina jan carbi.

Ya ce, “Malam Sumaila, ubana da ya shekara ashirin cikin kabari, shi kake cewa ya toshe rezo?”

Na ce, “Ba shi ba, Alhaji, ni na zaunar da shi inda ba wurinsa ba.”

Sai a lokacin ya ji cewa sunan mahaifin nasa bai taɓa fitowa a salular kowa ba, wanga kuwa ya fi ɓata mishi rai. Ya ce a sa Goje ko ta halin ƙaƙa. Na ƙirga a gabansa na ce wurin ba ya ɗaukar Alhaji da Goje tare, sai ɗaya ya sauka. Mutumin da ya sayar da shanu huɗu ya je Makka ne fa. Amma sai ya ce a cire Alhaji, ai kafin ya je hajji ɗan Goje ne. Har gobe in kunka je garin, Mainasara ɗan Sarkin Noma Goje za ku gani a salula, kuma nan kaɗai ne ake kiransa haka ya ƙyale. Da bakinsa ya sallami masu gatari, ya je ya durƙusa gaban Inna Tamo ya ba ta haƙuri, don ƙanwar uwarsa ce ta wajen kaka.

Ni ma na je na durƙusa. Ta ce ta ji na ce wani abu ya gargaɗe ni, wane ne? Na ce wani abokin aiki ne cikin inji, mai yawan magana.

Ta ce, “Sau nawa ya gaya maka?”

Na ce da na bar shi, kullum zai faɗa, shekara biyu ke nan, ni na rufe mishi baki.

Ta ce, “Mu nan, ɗana, in anka yi muna magana sau ɗaya cikin shekara, kaza muke yankawa don godiya.”

Mutane sunka yi dariya, ni ban samu abin dariya ba. A ranar na cire layin nan, na bi sauran gargaɗin har na ƙarshe, na gyara juyen yadda in suna ya yi tsawo akwati zai ƙi karɓa ya faɗi dalili. Ƙungiya ba ta kore ni ba, amma shekara guda Sare-Gawo ake kirana daga nan har Damana, shef ma da ya matsa mini tun farko ya fi kowa jin daɗin sunan.

Gawon ya rayu, reshen ne bai sake tofowa ba. Na sayi itace da zana na ce zan yi wa Inna rumfa a wurin, ta ce a'a, ba a rufe tsakaninta da itacen. Na ce to ta koma ta yamma inda inuwa ta rage, ta ce gwaggonta nan ta zauna, masu zuwa wurinta na gani da na ɓoye nan sunka san ta, ba ta canja musu ƙofa da tsufanta. Shekara huɗu ta ƙara a duniya. Duk ran da na je duba akwatin, ko cikin bazara ne, nan nake iske ta a tsakiyar rana, ta ɗora ƙwarya a ka, zufa na bin wuyanta. Ba ta taɓa zagina ba. Sai ta amsa gaisuwata, ta tambayi iyali ɗaya-ɗaya, sannan ta ce, ɗana, abokin naka ya yi magana yau? In ce ya yi, Inna. Ta ce ka saurare shi? In ce na saurara. Ta ce madalla, hau ka yi aikinka, rana na yi.